Yadda Za Ka Auna Jifanka da Wayar Hannu: Tsayinsa, Gudunsa da Abin da Ke Dawo da Shi Ƙasa

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Haka ne, amma karin maganar ba ta gaya mana yaushe zai faɗo ba, a ina, kuma da wane irin gudu. Duk waɗannan suna da amsa, kuma ba sai ka shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ba kafin ka same ta. Tsakar gida ko filin ƙwallon unguwa ya wadatar.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ya ga yadda ake miƙa tubali. Magini na zaune bisa katanga, lebura na ƙasa yana cilla masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana cafewa cikin sauƙi kamar daga kan tebur yake ɗauka. Leburan bai yi karatun fiziks ba, amma hannunsa ya san ƙarfin da zai sa tubali ya ƙare gudunsa daidai gaban magini, ya tsaya cak na ƙiftawar ido kafin ya juyo. A wannan gaɓar ake cafe shi. Abin da hannun lebura ya sani ta hanyar sabo shi za mu koyi aunawa da alƙaluma. Na rubuta wannan ne musamman domin 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO, waɗanda ke haddace ƙa'idojin jifa ba tare da sun taɓa gwada ko ɗaya ba, da kuma malamansu da ba su da kayan gwaji a makaranta.

Ka tanadi waya mai ɗaukar bidiyo da agogon ƙidayar sakan, tef ɗin awo ko da na tela ne, zare mai ƙwari, noti biyar daga wurin bakanike, tiren ƙarfe, murafen kwalbar lemo, tiyo, da abokin aiki guda. Abin jifa mafi kyau shi ne tsohuwar safa da aka cika da yashi aka ɗaure bakinta ta zama kamar dunƙulen hannu. Ba ta tsalle, ba ta gangarawa, iska ba ta wasa da ita, in kuma ta faɗo wa mutum a ka ba za ta fasa masa goshi ba. Ka bar dutse sai inda na ambace shi.

Mataki na farko: ka san abin da ke kan safar bayan ta bar hannunka

Cilla safar sama a miƙe, ka zuba mata ido har ta dawo. Yi haka sau biyar. Sannan ka tambayi kanka: tana cikin tashi, me ke tura ta?

Kusan kowane ɗalibi zai ce ƙarfin hannu ne ke biye da ita, yana raguwa har ya ƙare, sannan ƙasa ta karɓe. Wannan amsar ita ce tushen yawancin kurakuran da ake tafkawa a wannan babi, don haka a nan zan fi daɗewa. Hannunka yana tura safa ne kawai muddin yana taɓa ta. Da zarar ta rabu da yatsunka, aikinsa ya ƙare. Abin da ya ba ta gudu ne, kuma gudu ba ya bukatar mai turawa kafin ya ci gaba. Abin da ke tafiya zai yi ta tafiyarsa a miƙe, da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi ya rage shi, ko ya ƙara shi, ko ya karkatar da shi. Wannan ce doka ta farko cikin dokokin motsi uku da Isaac Newton na Ingila ya wallafa a 1687.

Kada ka raina kanka in ka ba da waccan amsar, domin manyan masana sun shekara fiye da dubu suna kai-kawo a kanta. Aristotle na Girka ya ɗauka iska ce ke ci gaba da ingiza abin da aka jefa. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a 980 ya rasu a Hamadan a 1037, bai yarda da haka ba. Ya ce mai jifa yana sanya wa abin wani karkata da ya kira "mail", kuma wannan karkatar ba ta ƙarewa da kanta, abubuwan waje irin su iska ne ke cinye ta, da a ce babu su da tafiyar ba ta tsaya ba. Ka ga ya zo dab da maganar Newton, alhali akwai sama da shekara 600 tsakaninsu.

To in ba a tura safar, me ke kanta? Ƙarfi biyu ne. Na farko janyowar ƙasa, wadda kullum ƙasa take nufa. Na biyu turjiyar iska, wadda ke sabawa duk inda abu ya dosa, kuma a kan safar yashi ba ta taka kara ta karya ba. Janyowar ƙasa tana aiki safar na hawa, tana aiki tana sauka, tana kuma aiki a can ƙololuwa lokacin da gudunta ya zama sifiri. Ka riƙe wannan da kyau, don masu shirya jarrabawa suna son tambayarsa. Da janyowar ta ɗauke a ƙololuwa, da tubalin lebura ya tsaya a sararin sama bai dawo ba.

Za ka ji wasu na kiran wannan ƙarfi "maganaɗisun ƙasa". Ni ba na son sunan, don yana ɓatar da yara. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ba ruwansa da itace ko roba. Janyowar ƙasa kuwa ba ta ware komai, daga ƙwayar gero har raƙumi, har Wata da ke zagaye mu.

Mataki na biyu: gwada mai nauyi da marar nauyi

Ɗauki dutse kamar ƙwan kaza a hannu ɗaya, da wani kamar goro a ɗayan. Miƙa hannuwanka daidai kafaɗa, ka janye ƙafafunka baya, ka sake su tare. Ƙara ɗaya za ka ji. Sauya hannu ka sake, don kada ka zargi hannun dama da riga na hagu.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Ƙasa tana jan babban dutse da ƙarfin da ya fi na ƙarami: abu mai kilo 1 ana jansa da ƙarfin kusan nyuton 10 (nyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), mai kilo 5 kuma kusan 50. Sai dai mai kilo 5 ya fi wuyar motsawa har ninki biyar, kamar yadda kurar ruwa cike da jarkoki ta fi wofi wuyar turawa. Ƙarin jan da ƙarin wuyar motsawar sai su cinye juna.

Yanzu saki takarda da littafi tare. Littafi zai riga ta nesa ba kusa ba. Ɗora takardar a saman littafin, ka tabbata gefunanta ba su leƙo waje ba, ka sake su. Tare za su sauka, saboda littafin ya tare mata iska. Ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya yi irin wannan a doron Wata a watan Agusta na 1971, a tafiyar Apollo 15. Ya saki guduma da gashin tsuntsu a gaban kyamara, suka taɓa ƙasa lokaci guda, domin can babu iska.

Mataki na uku: ji ƙaruwar gudu da kunnenka

Ido ba ya iya bin abin da ke faɗuwa, amma kunne gwani ne wajen gane kiɗa. Yanki zare mai tsawon mita 3. Ɗaure noti na farko santimita 10 daga bakin zaren, na biyu a santimita 40, na uku a 90, na huɗu a 160, na biyar a 250, duka kana aunawa daga wannan bakin. Hau kan kujera ko matakala, ka riƙe ɗaya bakin, zaren ya sauko a miƙe har bakinsa na ƙasa ya taɓa tire. Saki.

Za ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, tazara ɗaya, ko da yake tazarar notin a jikin zare ba ɗaya ba ce. Kwance su ka jera su santimita 50-50, ka sake gwadawa. Wannan karon kiɗan zai fara a hankali ya ƙare a gaggauce.

Dubi alƙaluman nan: 10, 40, 90, 160, 250. Wato 1, 4, 9, 16, 25, kowace lamba an ninka ta da kanta. In lokacin faɗuwa ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. In ya ninka uku, nisa ya ninka tara. Galileo Galilei na Italiya ne ya tabbatar da haka. Ba shi da agogon da zai kama faɗuwa, sai ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai ɗan gangare don tafiyar ta yi sanyi, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaye daga wani mazubi. Ya wallafa sakamakon a 1638, shekara huɗu kafin rasuwarsa.

A ma'aunin mita da sakan, abin da aka saki yana faɗuwa kusan mita 5 a sakan na farko, 15 a na biyu, 25 a na uku. Jimilla 5, 20, 45.

Mataki na huɗu: auna janyowar ƙasa da kanka

A littafi ana rubuta ta da harafin g, a ce 9.8. Ma'anarsa, duk sakan ɗaya da abu ya yi yana faɗuwa, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. A jarrabawa galibi ana cewa ka ɗauke ta 10, mu ma haka za mu yi don sauƙin lissafi. Ba daidai take a ko'ina ba: a kan layin ikweta, wanda ya raba duniya arewa da kudu, kusan 9.78 ce, a ƙuryar arewa da ta kudu kusan 9.83. Kano da Zinder sun fi kusa da ta farkon.

Yi alama da alli a bango, daidai mita 2 daga ƙasa. Abokinka ya jingine wayar a kan wani abu don kada ta girgiza, nesa yadda alamar da ƙasa za su fito tare. Riƙe safar yadda gindinta zai yi daidai da alamar, ka buɗe yatsu kawai, kada ka tura. Daga nan ku buɗe bidiyon a manhajar da ke bari a bi shi hoto bayan hoto, ku ƙirga hotuna daga sakin zuwa taɓa ƙasa.

Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a sakan, amma ka duba saitin taka. Za ka sami wajen hoto 19. Raba 19 da 30, ka sami sakan 0.63. Ninka shi da kansa, 0.40. Ninka tsayin biyu, mita 4, ka raba da 0.40. Amsa 10. In ka ƙirga 20 maimakon 19, amsar za ta sauko 9, ka ga kuskuren hoto guda ba ƙarami ba ne. Shi ya sa in wayarka tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, na hoto 120 ko 240 a sakan, shi ya fi. A na 240 za ka ƙirga wajen 153.

Kada ka yi wannan da danna agogo da yatsa. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna ana ɓata kusan sakan 0.2, kashi ɗaya cikin uku ke nan na duk lokacin faɗuwar. In kana son ganin naka jinkirin, abokinka ya riƙe rula a tsaye tsakanin yatsunka biyu ya sake ta ba zato. In ta zame santimita 20 kafin ka damƙe, sakan 0.2 ke nan.

Mataki na biyar: tsayin jifa da gudunsa

Nan ne zuciyar aikin. Fita fili, nesa da wayoyin lantarki da ƙananan yara. Cilla safar sama a miƙe iya ƙarfinka, ka cafe ta a daidai tsayin da ta bar hannunka. Abokinka ya auna lokacin daga barin hannu zuwa dawowa. Mu kira shi T. Tunda jifan zai kai sakan biyu ko fiye, agogo zai yi, bidiyo dai ya fi. Yi sau biyar, ka watsar da wanda ya karkace, ka ɗauki matsakaicin sauran.

In an ɗauke iska, hawa da sauka lokacinsu ɗaya ne, domin abin da ƙasa ke zaftarewa daga gudu a hawa shi take mayarwa a sauka. Saboda haka rabin T hawa ne, rabi sauka. A ce ka sami sakan 2.4. Hawa ya ci 1.2. Ƙasa na cire mita 10 a sakan daga gudun a kowane sakan, kuma ta cinye shi kaf cikin sakan 1.2, ashe safar ta bar hannunka da gudun mita 12 a sakan. Ninka da 3.6 ka mayar da shi irin na mota: kilomita 43 a awa, gudun babur a cikin gari.

Tsayi kuma, ka ɗauka daga ƙololuwa aka sako ta ta faɗo cikin sakan 1.2. Ninka 1.2 da kansa, 1.44, ka ninka da 5, mita 7.2.

Gajeriyar hanya ita ce: gudun farko shi ne T sau 5, tsayi kuma T sau T sau 1.25. Jifan sakan 2 ya kai mita 5, na sakan 3 ya haura mita 11, na sakan 4 ya kai 20. Ka lura, wanda ya ninka gudun jifansa biyu, tsayinsa ninki huɗu yake yi. Kuma da gudun da safar ta bar hannunka, da shi take dawowa, abin da ya sa tafin hannu ke raɗaɗi in an cafe jifa mai nisa.

Koma kan lebura. In hannun magini yana mita 3 sama da nasa, gudun da yake bukata shi ne lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2 sau g sau tsayin, 2 sau 10 sau 3 ke nan, wato 60. Kusan mita 7.7 a sakan. In ya gaza haka tubali ba zai kai ba, in ya zarce sosai zai iso da sauran gudu ya bugi hannun magini ko ya wuce shi.

Da a doron Wata ka yi wancan jifan na mita 12 a sakan, inda janyowar take kusan 1.62, da ya tashi wajen mita 44.

Mataki na shida: raba tafiyar gida biyu

Ba kasafai ake jifa a miƙe sama ba. Mai jifan mangwaro, da yaron da ke korar tsuntsaye daga gonar dawa da majajjawa, da mai tsaron gida da ya doka ƙwallo, duk gaba da sama suke haɗawa. Dabarar ita ce ka ɗauki tafiyar a matsayin tafiya biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Ajiye murfin kwalba ɗaya a can bakin tebur, rabinsa a waje. Ɗana wani da yatsa ya zo da gudu ya ɗan shafi gefen na farkon, yadda shi zai faɗi nan gindin tebur, wanda ka ɗana kuma ya yi tsalle can gaba. Sai ka yi ta gwadawa kafin hannu ya faɗa. Saurara da kyau: tare suke taɓa ƙasa. Gudun gaba bai jinkirta faɗuwa ko kaɗan ba, kuma janyowar ƙasa ba ta taɓa gudun gaba ba.

Ga lissafinsa. Tebur mai tsayin santimita 80 yana ba da faɗuwar sakan 0.4. In murfin ya sauka mita 1.2 daga gindin tebur, raba 1.2 da 0.4, gudunsa na gaba mita 3 ne a sakan. Gudun gaba da ba ya canjawa, haɗe da faɗuwar da ke ƙara sauri, su ke zana lanƙwasar nan da ake kira farabola. Kullum kana ganinta a ruwan da ke fita daga bakin buta.

Wannan ne kuma ya sa in kana cikin bas mai tafiya da gudu iri ɗaya ka cilla lemo sama, hannunka yake dawowa, ba kujerar baya ba. Ya tashi da gudun motar, babu kuma abin da ya ƙwace masa shi.

Newton ya bi wannan tunani har ƙarshensa. Duniya dunƙulalliya ce, a duk kilomita 8 doronta na lanƙwashewa ƙasa da kusan mita 5. Abin da aka harba a kwance da gudun kusan kilomita 8 a sakan, can sama inda ba iska, zai faɗi mita 5 a sakan na farko, ƙasa kuma ta goce masa da mita 5. Haka zai yi ta faɗuwa bai iso ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400 a sama, haka take zagaye duniya cikin kusan minti 90. Janyowar ƙasa a wurin ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na tamu. Mutanen ciki suna shawagi ne don su da tashar tare suke faɗuwa. Wannan shi ne jifan da ya daɗe bai cika wa karin maganar alkawari ba.

Mataki na bakwai: nemo kusurwar da ta fi nisa

Hannu ba ya maimaita gudu iri ɗaya, don haka ruwa za mu sa. Haɗa tiyo da famfo ko tanki, ka matse bakinsa da wani abu da ba zai motsa ba, kada ka sake taɓa kan famfon. A kan kwali ka zana layuka daga wuri ɗaya a digiri 15, 30, 45, 60 da 75, da abin auna kusurwa na cikin gwangwanin lissafi. Kafa kwalin a tsaye, bakin tiyo dab da ƙasa, ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, abokinka na ajiye tsakuwa inda ruwa ke sauka. Yi shi a gefen shuka don kada ruwan ya tafi a banza, kuma da sassafe kafin iska ta taso.

Wajen digiri 45 ne zai fi nisa. Na 30 da na 60 kusan wuri ɗaya za su sauka, haka na 15 da na 75. A lissafi, gudun mita 10 a sakan yana ba da mita 10 a digiri 45, mita 8.7 a 30 ko 60, mita 5 a 15 ko 75. Kwantaccen jifa yana da gudun gaba amma ba ya daɗewa a sama, tsayayye yana daɗewa amma ba ya ci gaba, 45 ce ta raba musu gardama. Niccolò Tartaglia, wani masanin lissafi na Italiya, ya faɗi haka tun 1537 a kan harbin igwa.

Sai dai ina jan kunne: 45 tana aiki ne in wurin tashi da wurin sauka tsayinsu ɗaya, kuma iska ba ta da tasiri. Masu jifan dalma a gasar wasanni suna sakin ƙwallon, mai kilo 7.26 ga maza da kilo 4 ga mata, daga kusan mita 2 sama da ƙasa, kuma jiki ya fi ba da gudu in an tura gaba fiye da sama, shi ya sa gwanayensu ke jifa ƙasa da digiri 40. Masu dogon tsalle ma kusurwarsu ta fi haka ƙanƙanta, wajen digiri 20 suke tashi, don ba wanda zai iya tashi a 45 bai zubar da gudun da ya taho da shi ba. Da irin wannan tashi Chioma Ajunwa ta tsallake mita 7.12 a Atlanta a 1996 ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik.

Mataki na takwas: mayar da iska cikin lissafi

Maimaita mataki na biyar da takarda da aka dunƙule. Duk ƙarfinka ba za ta yi nisa ba, kuma saukarta za ta fi hawanta daɗewa. Turjiyar iska tana ƙaruwa da gudu da faɗin abu, kuma ta fi cin marar nauyi. Iyayenmu mata sun daɗe suna cin moriyar wannan wajen shiƙa: tsaba ta zubo a miƙe cikin ƙwarya, ƙaiƙayi iska ta yi gefe da shi.

Abin da ke faɗowa daga nesa yakan kai inda turjiyar iska ta yi daidai da nauyinsa, daga nan gudunsa ba ya ƙaruwa. Babban ɗigon ruwan sama yana tsayawa a wajen mita 9 a sakan. Da babu iska, ɗigon da ya taho daga girgije mai nisan kilomita 2 da ya iso da gudun mita 200 a sakan.

Kada wannan ya sa a ɗauka duk abin da ya faɗo iska ta kashe masa kaifi. Harsashi ƙarami ne mai nauyi, iska ba ta riƙe shi sosai. Wanda aka harba sama yana dawowa da gudun da ya isa ya huda fata ya fasa ƙoƙon kai, wanda aka harba a karkace kuwa ya fi muni don yana riƙe da yawancin gudunsa na gaba, ya kuma sauka unguwar da mai harbin ba ya gani. An sha rasa rayuka ta haka a ƙasashe da dama a lokutan murna. Duk wanda ya fahimci mataki na biyar bai kamata ya yi shiru ba in ya ga ana harbi sama a wurin biki.

Mataki na tara: auna bishiya ba tare da ka hau ba

Zaɓi bishiya ko doguwar katanga, ban da turken lantarki. Tsaya kusa da ita, abokinka ya ja baya kamar taku 30 ko fiye, don daga kusa ido yana ruɗuwa ya ga jifa ya kai alhali bai kai ba. Yi ta cilla safar sama kana ƙara ƙarfi da kaɗan-kaɗan, yana ɗaukar bidiyo, har ya ga ƙololuwar jifan ta yi daidai da kan bishiyar. Ku fitar da T na wannan jifan, ku ninka shi da kansa, ku ninka da 1.25, sannan ku ƙara tsayin hannunka daga ƙasa a lokacin saki. In T ya zama sakan 2.4 kuma ka saki a mita 1.5, bishiyar ta kai mita 8.7.

Kuskuren sakan 0.2 a nan yana iya mayar da mita 7.2 ta zama 6 ko 8.5, saboda haka ku samo jifa uku masu kyau ku ɗauki matsakaici. Sannan ku binciki amsar ta wata hanya. Da hantsi ko da la'asar, kafa sanda mai tsawon mita 1 a tsaye a wuri mai shafe, ka auna inuwarta, ka auna inuwar bishiyar nan take kafin rana ta gusa. Raba inuwar bishiya da inuwar sanda. In sandar ta ba da mita 1.4, bishiyar ta ba da 12, tsayinta kusan mita 8.6 ne. In amsoshin biyu sun yi hannun riga da fiye da mita ɗaya, fara da duba inda ka cafe safar, domin yawanci mutum yakan saki a sama da kai ya cafe a ƙirji, kuma wannan ɗan bambancin yana tsawaita T.